Makarantar Kanikanci: Yadda Take Girma a Waje, da Abin da Zai Rayar da Ita a Katsina

Shekaru talatin da suka wuce, Fijo 504 da 505 da ƙananan motocin Japan masu kafireto ne suka cika titunan Katsina, kuma bakanike mai kunne yana iya sauraron ƙarar inji ya faɗi inda ciwon yake tun kafin ya ɗaga bonet. Motocin da suka maye gurbinsu, waɗanda akasari 'yan Beljiyam ne da suka gama wani zango na rayuwarsu a Amurka ko Turai kafin su iso mu, kwamfuta ce ke raba musu mai, ita ke ba fulogi wuta, ita ke canza giya. Asalin wannan sauyi doka ce da aka yi saboda hayaƙi. Tun daga 1996 Amurka ta wajabta wa duk ƙaramar motar da za a sayar a ƙasar ta zo da tsarin binciken kai da ake kira OBD-II, wato soket ɗin nan mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, Turai kuma ta bi sahu a kan motocin fetur daga 2001. Dokar da aka rubuta don tsabtace iskar biranen wasu ita ce yau ta sauka a garejojin Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya, ta raba kanikawa gida biyu: masu iya karanta abin da motar ke faɗa, da masu canza kaya ɗaya bayan ɗaya har a dace.

Wannan ne ya sa maganar makarantar koyon kanikanci ta cancanci a zauna a yi mata fashin baƙi, musamman ganin cewa a wasu ƙasashe irin waɗannan makarantu sun girma har sun zama manyan kamfanoni, wasunsu ma suna horar da masu haɗa motocin tsere.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Universal Technical Institute, wadda aka fi sani da UTI. An kafa ta a birnin Phoenix na jihar Arizona a 1965 a matsayin 'yar ƙaramar makarantar gyaran mota. Sannu a hankali ta buɗe rassa a jihohi da dama, ta ƙara sashen manyan injinan dizal da babura da injinan jiragen ruwa da walda, a 2003 kuma ta shiga kasuwar hannun jari ta New York. Abin tambaya shi ne me ya ja ta har can, domin ba a zuba jari a makaranta saboda tausayi. Amsar tana wajen dillalan motoci. A Amurka gyaran mota da awa ake biyansa, kuma dillalin da ya sayar da sabuwar mota yana ɗauke da alhakin gyara ta a lokacin garanti, saboda haka ba shi da sararin da zai ajiye yaro shekara biyar yana miƙa sifana kafin ya fara amfana da shi. Yana son wanda zai shigo ranar Litinin ya riƙe na'ura ya fara aiki. Kamfanoni irin su Ford da BMW da Cummins suka shiga yarjejeniya da makarantar, suka kawo motocinsu da injinansu da na'urorinsu da manhajarsu, ɗalibin da ya gama karatun gaba ɗaya sai ya ƙara wasu makonni a kan kayan kamfani guda, ya fita da takardar da dillalin wannan kamfani ya yarda da ita. A gefe guda kuma akwai bashin karatu na gwamnatin tarayyar ƙasar da tallafin da ake ba tsofaffin sojoji, waɗanda suka sa ɗan talaka yana iya shiga ko da bai da kuɗin a hannu.

A taƙaice, mai ɗaukar ma'aikaci ne ya fara zuwa, gini ya biyo baya.

Batun tsere ya shigo ne a 2002, lokacin da UTI ta haɗa kai da NASCAR, hukumar tseren motoci da aka kafa a 1948, suka buɗe makaranta mai suna NASCAR Technical Institute a garin Mooresville na jihar Karolina ta Arewa. Ba a zaɓi garin da ka ba. Yawancin ƙungiyoyin da ke fafatawa a gasar suna da shagunansu a wannan yanki, tare da masu ƙera musu sassa da masu gwada musu injina, ta yadda ɗalibi zai iya tashi daga aji ya tafi aikin wucin gadi a shagon ƙungiyar tsere da yamma. Haka abin yake a Ingila, inda mafi yawan ƙungiyoyin Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, suka taru a kewayen filin tsere na Silverstone, kwalejojin da ke koyar da sana'ar su ma suka yi sansani a wurin.

Sai dai akwai abin da tallace-tallacen irin waɗannan makarantu ba su cika faɗa ba, shi ne guraben aiki a fagen tsere kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da yawan masu sha'awa. Ƙungiyoyin Formula 1 ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu da ɗoriya ba a duniya gaba ɗaya. Su kuma mutanen da ake gani a talabijin suna tsalle suna canza taya a NASCAR, da yawansu tsofaffin 'yan wasan motsa jiki ne da aka ɗauko saboda ƙarfi da zafin nama. Mafi yawan waɗanda suka yi makarantar a garejin dillali ko na manyan motoci suke ƙarewa, kuma nan ne abincin yake. Tsere yana yi wa makaranta aiki iri biyu. Yana jawo matashin da ba zai taɓa waiwayar makarantar sana'a ba, domin ba kowane yaro ne yake mafarkin canza baƙin mai ba, amma da yawa suna mafarkin mota mai gudu. Sannan yana koya masa wata tarbiyya da ta fi gudun muhimmanci, wato awo. A motar tsere ba a ɗaure noti da ƙarfin damtse, akwai sifana mai awo da ke faɗin iya ƙarfin da ake so. Ana auna tazarar fistin da silinda da ma'aunin da ke raba milimita gida ɗari. Ana rubuta iskar kowace taya da zafinta kafin a fita da bayan an dawo. Lokacin da ma'aikatan McLaren, ɗaya daga ƙungiyoyin Formula 1, suka canza tayoyi huɗu cikin daƙiƙa 1.80 a gasar Katar ta 2023, kusan mutum ashirin ne suka yi aikin, kowanne da motsi guda da ya maimaita har ya zame masa jiki. Bakatsine ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin ya san cewa mahayin da ake tafa wa a filin folo ba zai kai ko'ina ba in mutanen barga ba su kula da kofato da ɗaurin sirdi da abincin dokin ba.

Abin lura kuma, tsere ba kullum yake gaba da titi a fasaha ba. Motocin babbar gasar NASCAR sun ci gaba da amfani da kafireto har zuwa 2012, shekaru masu yawa bayan motocin gida sun koma injekta. Saboda haka wanda ya ce sai an koyar da tsere sannan za a san fasahar zamani bai faɗi daidai ba. Tsantseni da kiyaye lamba ne ribar da ake samu a wurin.

Girman nan yana da ɓangarensa mai ɗaci, kuma ya kamata duk mai niyyar buɗe irin wannan makaranta don riba ya san shi. WyoTech, wadda aka kafa a garin Laramie na jihar Wyoming a 1966, ta yi suna wajen koyar da gyaran mota da ƙera motocin ƙawa masu ƙarfin inji. A 2002 wani babban kamfanin makarantun kuɗi mai suna Corinthian Colleges ya saye ta, ya buɗe mata rassa a wasu jihohi. Kamfanin ya durƙushe a 2015 bayan hukumomin Amurka sun tuhume shi da kambama alƙaluman ɗaliban da suka sami aiki, dubban matasa suka tashi da bashi a wuya. WyoTech ta kai bakin rufewa kafin wani tsohon ɗalibinta kuma tsohon shugabanta, Jim Mathis, ya karɓe ta a 2018 ya mayar da ita harabarta guda ta asali, daga nan ta sake farfaɗowa. A ganina wannan labari ya fi na UTI amfani a gare mu, domin ya nuna cewa makaranta tana iya ninka ɗalibanta alhali tana mutuwa, muddin kuɗin shiga ya zama daga yawan masu rajista yake fitowa ba tare da an damu da inda suka ƙare ba.

Jamus ta bi wata hanya dabam, wadda ta fi kama da tamu. A can yaro yana kama aiki ne a gareji da yarjejeniya a rubuce, ana biyansa alawus, yana kwana ɗaya ko biyu a mako a makarantar sana'a, sauran kwanakin yana hannun maigidansa, har tsawon shekara uku da rabi, sannan ƙungiyar masu sana'ar ta yi masa jarrabawa. A 2003 suka haɗe sana'ar bakanike da ta mai wayarin mota suka mayar da su guda, saboda sun ga cewa motar zamani ba ta yarda a raba ƙarfe da waya. Mu kuwa har yanzu bakanike yana tura mutum wajen rewaya, rewaya ya dawo da shi wajen bakanike, mai mota yana tsakiya yana biya.

Idan aka dawo gida, abu na farko da ya kamata a amince da shi shi ne cewa gareji makaranta ce, kuma ita ce mafi girma a jihar nan. Uba yakan kai ɗansa ya damƙa shi ga maigida, yaron ya fara da wanke kaya da fetur a cikin kwano da miƙa sifana mai lamba 10 ko 12, ya koyi kwance taya da birki, a hankali a bar shi ya sauke giyabos, bayan shekaru a yaye shi. Ba a biyan kuɗin makaranta, hasali ma shi ake ba na abinci, kuma motocin da yake taɓawa na gaske ne masu ciwo na gaske, ga mai mota a tsaye yana jira. Babu wata kwaleji da za ta iya ba ɗalibi wannan. Matsalar ita ce maigida ba zai koyar da abin da shi ma ba a koya masa ba, kuma kuskurensa yana bin yaransa har su ma su yaye nasu.

A ɗauki al'adar cire tamostat, wato abin nan da ke tsare ruwan inji kada ya wuce lagireto sai ya yi zafi. Mota ta fara zafi, sai a ce ai don ƙasar sanyi aka yi wannan abu, a cire shi, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa da zarar an murɗa makulli. Allurar zafi takan sauka, mai mota ya tafi yana godiya. Amma an ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 90, kuma idan ruwan bai kai wannan zafi ba, musamman da safiyar hunturu, kwamfutar motar takan ɗauka cewa injin bai gama ɗumi ba, sai ta ci gaba da ƙara masa mai. Ainihin ciwon kuwa, wanda sau da yawa lagireto ne da ya toshe ko murfinsa da ya daina riƙe iska, yana nan ba a taɓa shi ba. A lokacin da fetur yake ƙasa da naira 200 ana iya haɗiye wannan asara ba a ji ba. Tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki kuma ta ci gaba da hawa, kowane kuskure irin wannan ya koma kuɗin cefane.

Sayen na'ura kaɗai bai magance wannan ba. Yau da wuya a shiga babban gareji a Katsina ko Daura ko Funtuwa ba a ji an ce, “Alhaji, sai an sa mata kwamfuta,” kuma ƙaramar na'urar da ake haɗawa da wayar hannu ba ta da tsada. A ce ta nuna P0171. Ma'anar lambar ita ce iska ta yi wa mai yawa, domin injin fetur yana son kimanin kashi 14.7 na iska a kan kashi ɗaya na mai. Wanda ba a koya masa ba zai ga an ambaci abin da ya shafi hayaƙi, sai ya tura a sayo sabon sensan oksijin, a ɗaura, wutar cek ta mutu, bayan kwana biyu ta dawo. Wanda aka koya masa zai fara duba ko wani tiyon iska ya tsage saboda zafin rana, ko ƙurar hunturu ta rufe sensan da ke auna iskar da ke shiga, ko famfon mai ya yi rauni, ya auna kowanne kafin ya ce a sayi komai. Lambar tana nuna unguwar da ciwon yake ne kawai, gano gidan sai da sanin yadda tsarin ke aiki da iya karanta zanen wayoyi. Wannan shi ne gurbin da makaranta za ta cike, kuma watanni ne yake buƙata ga wanda ya riga ya yi shekaru a gareji.

Ta fuskar hukumomi ba mu da ƙaranci. Akwai Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, mai hedikwata a Kaduna tun 1977, akwai NABTEB mai shirya jarrabawar kwalejojin fasaha tun 1992, akwai asusun horar da ma'aikata na ITF tun 1971, ga kuma gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago mai mataki uku. A jihar Katsina akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, da kwalejojin fasaha na sakandare irin na Mashi da Funtuwa, da ƙauyen koyar da matasa sana'o'i da ke birnin Katsina, a Daura kuma ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da Jami'ar Sufuri ta Tarayya. Abin da ke da wuya a ko'ina a ƙasar nan shi ne abin da ke cikin ɗakin aiki da wanda ke tsaye a gaban ɗalibai. Injin koyarwa yana tsufa kamar yadda motocin titi ke tsufa, manhajar na'urar bincike ta ƙwararru sai an riƙa sabunta ta da kuɗin waje, injin ɗaga mota da kwamfireso suna son wuta tsayayya. Sannan ga matsalar malami: wanda ya ƙware a binciken motar zamani yana iya samun a mako abin da ya kai albashin wata, saboda haka ba zai bar shagonsa ba, ko da ya yarda kuma tsarin ɗaukar ma'aikata zai nemi digirin da ba shi da shi. Mafita tana cikin tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa da NBTE ke kula da shi, wanda ya yarda a gwada mutum a kan abin da ya iya a ba shi takarda ko da a gareji ya koya. Da wannan za a iya ɗauko manyan kanikawa ta hannun ƙungiyarsu ta NATA, a ƙara musu ilimin lantarki, a biya su su riƙa koyarwa kwana biyu a mako, yaransu kuma su riƙa zuwa aji da yamma ba tare da sun bar gareji ba.

Harshe ma ba ƙaramin abu ba ne. Littattafan gyara da saƙonnin na'ura duk da Turanci suke, yawancin yaran gareji kuwa karatunsu na boko bai yi nisa ba. Makarantar da ta nace sai da Turanci za ta yi bayanin yadda wuta ke tafiya a waya za ta kori waɗanda suka fi buƙatarta. A yi bayani da Hausa, a koyar da iya Turancin da ake buƙata don karanta na'ura da lissafin da ake buƙata don awo.

Tambaya mafi nauyi ita ce wane ne zai tsaya a matsayin da Ford da BMW suka tsaya wa makarantun Amurka. A da Arewa tana da irinsu: kamfanin Fijo ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, ga Steyr a Bauci, ga kamfanin manyan motoci a Kano, kuma da yawa daga cikin tsofaffin kanikawan da ake ji da su sun sha daga wannan rijiya. Wannan zamani ya ja baya. Masu buƙatar ƙwararren hannu a Katsina yau su ne masu tarin ababen hawa: hukumar sufuri ta jiha, masu tireloli da tankoki, asibitoci da jami'an tsaro, masu taraktoci, manoman rani na Jibiya da Zoɓe da ke rayuwa a kan injin ban ruwa, da dubban masu Keke Napep. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa Daura da Katsina da Jibiya, shi ma zai nemi masu sanin dizal da lantarki. Makarantar da ta zauna da waɗannan tun kafin ta rubuta manhaja, ta karɓi motocinsu tana gyarawa a matsayin darasi, ta kuma ajiye rajistar inda kowane ɗalibi ya ƙare bayan shekara guda, ita ce za ta iya girma ba tare da jiran kasafin kuɗi ba.

Shi kuwa tsere, gaskiya ba mu da filinsa ballantana kasuwarsa. Gasar Faris zuwa Dakar da ta riƙa ratsa Agadas a maƙwabciyarmu Nijar ta bar Afirka, ta koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020. Formula 1 ba ta sake taka nahiyar ba tun gasar Afirka ta Kudu ta 1993, sai Kenya da ta dawo da gasar Safari cikin jerin gasannin duniya a 2021. Abin da samari ke yi da motoci da babura a ranar ɗaurin aure ganganci ne, kuma ya ci rayuka. Duk da haka sha'awar da ke tura su gaskiya ce, kuma makaranta mai wayo za ta iya kama ta: ta sa ɗalibai su ƙera ƙaramar mota da injin babur, a gwada ta a killataccen fili da hular kwano, a yi gasar wanda zai fi nisa da lita guda, ko wanda zai fi saurin gano ciwon da malami ya dasa wa inji da gangan. Ɗaliban wasu jami'o'in Najeriya sun riga sun shiga gasar tsimin mai ta Shell Eco-marathon da motocin da suka haɗa da hannunsu.

Akwai kuma aikin da koyo ta hanyar gwaji ba zai yiwu a kansa ba sam. Motocin da ke haɗa fetur da batir, irin su Prius, suna ɗauke da wutar da ta haura bolt 200 a cikin wayoyi masu ruwan lemo, wadda za ta iya kashe wanda ya taɓa ta da hannun da ya saba da batir mai bolt 12. Tun 2023 kuma gwamnatin tarayya take tura mutane su mayar da motocinsu masu amfani da iskar gas ta CNG, wadda ake matsawa a tukunya da ƙarfin bar 200, nesa ƙwarai da na tukunyar girki. A watan Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan sayar da gas a birnin Benin na jihar Edo, hukumomi suka ce tukunyar da ke cikinta haɗin walda ce da ba ta cika ƙa'ida ba. Bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, zai kawo iskar kusa da mu idan ya fara aiki, kuma direbobin haya na hanyar Katsina zuwa Kano ne za su fara neman a juya musu motoci. Idan a lokacin babu masu takardar shaidar wannan aiki a Katsina da Daura, masu hali za su kai motocinsu Kano da Kaduna kamar yadda suke kai giyabos mai sarrafa kansa a yanzu, marasa hali kuma za su kai wa mai walda.